Robar da ba ta kai kuɗin kaza ba

An haife ni a 1990 a wani ƙauye na ƙasar Kazaure, shekara guda kafin a yanki Jigawa daga jihar Kano. Wanda ya san yankinmu ya san ƙasar dutse ce. Mai haƙar rijiya kan yi gaba biyar ko shida ya ci karo da dutse ya haƙura. Wadda aka dace da ruwa a cikinta kuma, da bazara ta kama sai ta ja baya, guga ya dinga fitowa da laka. Tun ina ɗan shekara bakwai, kafin in tafi makarantar allo sai na bi Inna rijiya sau biyu. Na tashi da tsanar wannan wahala, amma ban taɓa tunanin a kawar da ita ba. Tunanina shi ne in tsere mata. A bangon littafina na sakandare na rubuta abin da nake so a duniya: naira miliyan biyar, gida a Kano, da mota. Kullum sai na buɗe na duba.

Na gama sakandare a 2009, lissafi da Turanci suka ƙi ba ni haɗin kai, sai na gangara Kano na kama acaba. A nan na koyi abin da ban ɗauke shi komai ba a lokacin. Saboda ƙyashin kuɗin da bakanike ke karɓa, na riƙa zama kusa da shi ina kallon hannunsa, har na iya kwance injin babur in mayar. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, aka hana acaba a birnin Kano. Na yi dako, na yi gadi, na yi tallan rake, miliyan biyar tana nan a bangon littafi ba ta matso ba.

Mahaifinmu ya rasu a 2014. Da aka raba gado na samu gona mai kyau a gefen fadama. Ban yi wata uku da ita ba na sa ta a kasuwa, domin samarin da suka dawo daga Libiya suna ta ba da labarin dinari. Daren da zan tafi na durƙusa gaban Inna na ce, "Inna, addu'arki kawai nake nema, shekara biyu zan yi." Ta daɗe ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Gonar ubanka ka sayar ka sayi hanya. Ban sa ka ba, ban kuma hana ka ba. Allah ya tsare."

Farkon 2015 na bi ta Daura, na ƙetare a Kongolam, na wuce Matamaye da Damagaram da Tanut har Agadas. Ranar Litinin motoci ke tashi. Mu ashirin da wani abu a bayan Hilux ɗaya, ƙafafu a waje, kowa riƙe da sandar da aka kafa masa tsakanin cinyoyi, domin wanda gyangyaɗi ya kayar ba lallai direba ya tsaya masa ba. Bayan Dirku motarmu ta lalace, muka kwana biyu a fili. Jarkata ta ƙare. Wani bawan Allah mutumin Damagaram, wanda ban san shi ba ban san ubansa ba, shi ya riƙa zuba min ruwa a murfin gora, murfi ɗaya ni, murfi ɗaya shi. A Sabha muka rabu, ban sake ganinsa ba. A lokacin na yi masa godiya na wuce. Sai bayan shekaru na gane nauyin abin da ya yi.

Zaman Libiya ba zan tsawaita shi ba. Na yi leburanci a Sabha, na ƙarasa Tarabulus na ci gaba da aikin gini. Dinari ya faɗi, bankuna suka rasa takardar kuɗi, wanda ka yi wa aiki ya ce ka dawo gobe, goben da ba ta zuwa. Ɗan abin da na tara cikin shekara biyu, wasu samari masu bindiga suka karɓe a dare ɗaya. Daga nan aka kama mu aka tsare. Farkon 2018 hukumar IOM mai kula da 'yan ci-rani ta sa mu a jirgi zuwa Legas. Na shiga garinmu bayan isha'i, da gangan, don kada a gan ni.

Mutane suna ɗauka sahara ce ta fi wuya. A wurina shekara ukun da suka biyo baya sun fi ta. Yarinyar da aka yi min alkawari an aurar da ita. Da damina ina kallon wani yana huɗa a gonar mahaifina. Ba wanda ya zage ni, amma in na doso majalisa sai hira ta canza. Na daina zuwa jam'i sai jefi-jefi, na koma barcin hantsi, abinci kuwa daga tukunyar Inna, tsohuwar da ya kamata a ce ni ke ciyar da ita. Kuma duk da haka lissafin da ke kaina bai canza ba. Ina kwance ina tunanin wa zai ranta min in sake komawa, ta Aljeriya wannan karon. Zafin nema ba ya kawo samu, na sha jin haka, amma kunnena kawai yake shiga.

A bakin masallacinmu akwai famfon tuka-tuka da aka haƙa mana shekarun baya. Lokacin da nake ba ku labari ya fi shekara da mutuwa. Ka tuƙa hannun, sakayau, babu ko ɗigo. An kai kuka inda ake kaiwa, an ce za a zo. Jama'a suka koma tsohuwar rijiya marar murfi da kududdufin bayan gari. Ni ma ta gefensa nake wucewa kullum, yara suna lilo da hannunsa, ban taɓa jin abin ya shafe ni ba. Kayan gwamnati ne, gwamnati ta zo ta gyara.

Sai daminar 2021 ta zo da amai da gudawa. A wannan shekarar cutar ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Jigawa da Kano da Bauchi na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A gidanmu ta faɗa kan 'yar yayata, yarinya 'yar shekara biyar. Ita kaɗai ce a garin nan take murnar ganina ba tare da tausayi a idonta ba. Da yamma tana wasa, bayan magariba zawo ya fara, fari kamar ruwan wankin shinkafa. Kafin tsakar dare idanunta sun faɗa, in ka ja fatar cikinta sai ta tsaya ba ta komawa. Ba mu san ruwan gishiri da sukari ba yadda ya kamata. Yau ko cikin barci aka tashe ni zan faɗa: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin ƙaramin cokali, a dinga ba mara lafiya kaɗan-kaɗan ana kan hanyar asibiti. A daren nan jiƙo muka yi ta ba ta. Da asuba na ari babur, Yaya ta goya ta, muka shiga laka. A hanya ta ce, "Kawu, ruwa." Shi ne maganarta ta ƙarshe. Kafin mu hau kwalta Yaya ta dafa kafaɗata ta ce, "Tsaya haka nan. Mu koma gida."

Na yarda da ƙaddara, kwananta ne ya ƙare. Amma Allah ya sanya wa komai sababi, kuma sababin nan ni na san inda yake. Ranar sadakar uku, bayan mutane sun watse, Inna tana zaune tana kallon ƙofa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kai da kake kwance babur ka ɗaure, ƙarfen bakin masallacin nan ne ya gagare ka?" Ba faɗa ta yi ba. Da faɗa ne da ya fi min sauƙi.

Na yi tambaya aka kwatanta min wani dattijo a cikin Kazaure, tsohon ma'aikacin ruwa da ya yi ritaya. Na same shi a zaure na durƙusa na ce, "Baba, famfonmu ne ya mutu, ba ni da kuɗin biyanka, amma ina da hannu." Ya tambaye ni wane iri ne, na ce ban sani ba. Ya ce, "In ka tuƙa, da nauyi ko ba nauyi?" Na ce ba nauyi. Ya ce, "To ko rodi ya rabu, ko roba ta cinye. Ɗauko min jakar can, yaro."

Famfon namu irin wanda ake kira Afridev ne. An yi shi ne musamman don mutanen gari su iya gyara abinsu: sifana ɗaya ke buɗe kansa, kuma ba sai an ciro bututun ba. Baba ya zauna a kan dakali yana ba da umarni, ni da samari biyu muna jan rodi. Kowanne tsawonsa wajen mita uku, an saƙala shi da na ƙasansa, ka zare ka ajiye a jere a kan itace don kada ya taɓa ƙasa. Muka ciro goma sha biyu. A ƙarshen na ƙarshe ga abin da ke tura ruwa sama, ɗan farin abu bai kai tsawon tafin hannu ba, da baƙar roba zagaye da shi kamar awarwaro. Baba ya ɓantaro robar da farce ya ɗora min a hannu. Ta suɗe, gefe ɗaya ya tsage. Ya zaro sabuwa daga jaka ya maƙala, ya sa muka ciro bawul ɗin ƙasa da ƙugiya shi ma ya canza masa roba, ya zuba ruwan kulorin a ramin, muka mayar da komai. Ba mu kai la'asar ba. Ya ce in tuƙa. A tuƙi na ashirin da wani abu na ji hannun ya yi nauyi, sai ga ruwa, ja da fari saboda tsatsa, daga baya garau.

Yara suka kaure da ihu, mata suka fito da bokitai, Baba yana cewa a bari a zubar da na farko sai warin maganin ya tafi. Ni kuwa na tambaye shi nawa ake sayar da robar nan. Da ya faɗa min sai ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Ba ta kai kuɗin kaza ba. Na zaga bayan masallaci na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

A daren nan ban yi barci ba. Tambaya ɗaya ke yawo a kaina: garuruwa nawa ne ke shan kududdufi saboda roba? Washegari na sayi littafi mai shafi arba'in, na ari babur na fara zagaya ƙauyukan da ke kewaye da mu. Ƙauye goma sha biyu, famfo talatin da ɗaya, goma sha tara a mace. A shafin farko na rubuta: kafin damina mai zuwa, duk su kawo ruwa. Da na dubi rubutun sai na tuna bangon littafina na sakandare. Wannan ne karo na farko da na sa wa kaina buri wanda ba aljihuna zai shiga ba. Kuma abin mamaki, shi ne karo na farko da buri ya tashe ni da asuba. Na miliyan biyar kwantar da ni yake yi, domin kullum nuna min yake yi abin da ba ni da shi. Wannan kuwa kullum yana da aikin yau: wane gari, wace roba, wa zai taya ni ja.

Kada wani ya ɗauka daga nan komai ya miƙe. Kuɗin mai ma gagarata yake yi. A wasu garuruwan an ce wata ƙungiya ce ke biyana a ɓoye, a wasu an ce kansila nake nema. Wani mai unguwa ya ce ba zan taɓa famfonsu ba sai na kawo takarda. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da takarda, amma ga Baba, shekara talatin yana wannan aiki." Darajar furfurar Baba ce ta buɗe mana ƙofofi da yawa.

Sannan na yi kuskuren da har yau in na tuna gabana ke faɗuwa. Akwai wani irin famfo, India Mark II, mai sarƙa a kai. Shi in silindarsa, wato abin da ke turo ruwa daga can ƙasa, ta samu matsala sai an ciro bututun ƙarfe gaba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, cike da ruwa, nauyin da mutum huɗu ke nishi a kansa. Ranar Baba ba shi da lafiya, na ga ai na iya. Ban ɗaure maƙalar da ke riƙe bututu da kyau ba. Muna kwance na uku sai sauran suka suɓuce, muka ji ƙararsu can ƙasa. Garin da na zo taimaka na mayar da su baya, da ma ramin nan kaɗai gare su. Wani tsoho ya ce, "Da muguwar rawa gara ƙin tashi." Gaskiya ya faɗa. Zuciyata ta ce in hau babur kada in sake waiwayar garin. Abin da ya hana ni shi ne na san ranar da na gudu, su kududdufi za su koma. Na je na faɗa wa Baba komai. Ya zana min irin ƙugiyar da za a ƙera, na kai wa mai walda, na sayar da wayata na biya. Kwana shida muna lalube a rami kafin ta kama. Tsohon nan da ya yi min karin magana, shi ya aiko min da fura a rana ta shida.

Baba ne kuma ya raba ni da wani tunani da nake ganin shi ne tsoron Allah. Na ɗauka in na karɓi ko sisi ladana ya zube. Ya ce, "Ɗana, aikin kyauta shi ke kashe famfo. Yau kana nan, gobe ka gaji ko yunwa ta kore ka, wa zai sayi roba?" Daga nan muka fara kafa asusu a kowane gari. Kowane gida ya ba da ɗan abin da aka yi ittifaƙi a kai duk wata, ko tiyar hatsi da kaka. Daga ciki ake sayen kaya, a ba mai gyara ladan hannunsa. Na lura asusun da ke hannun mata ya fi daɗewa, domin su ne ke ɗaukar jarka in famfo ya mutu. A kowane gari kuma na koya wa samari biyu abubuwan da ba sai an kira ni ba: ɗaure noti, sa wa sarƙa giris, share magudana kada ruwa ya kwanta a gindin dakali, da hana haƙa masai kusa da ramin, a ba shi tazarar aƙalla mita talatin. Da alamar da ya kamata kowa ya sani: in da safe sai an yi ta tuƙi kafin ruwa ya zo, to bawul ɗin ƙasa ko bututu na yoyo, a gyara tun bai tsaya ba.

A nan ina da magana da masu hali. Limaminmu ya taɓa karanta mana cewa da mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu, ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wace sadaka ta fi, aka ce masa shayar da ruwa. Shi ya sa kowa ke son haƙa sabuwar burtsatse da allo ɗauke da sunan mamacinsa, kuma Allah ya ba da lada. Amma da kuɗin rami ɗaya sabo za a tayar da matattu masu yawa. Na ga garin da ke da famfo uku a jere, kowanne da allonsa, ba mai kawo ruwa.

Damina ta zo ban cika alkawarin da na rubuta ba. Goma sha huɗu suka tashi. Biyar sun fi ƙarfina: wani ramin ya ƙafe, wani ya rufta, wani tun asali ba a kai ga ruwa sosai ba. Na ji ciwo, amma ba irin ciwon dawowa daga Libiya ba. Wancan na rasa komai. Wannan kuwa garuruwa suna shan ruwa.

Abin da ban lissafa ba shi ne sunana ya riga ni zuwa wurare. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, burtsatsen da ke aiki da janareto suka fara tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya koma neman sola. Wani mai haɗa sola a Kano yana neman wanda ya san rami kuma mutanen karkara suka yarda da shi, aka ce masa ga wane. Wata huɗu ina binsa, na koyi saka sumo, wato injin jan ruwa da ake zurawa cikin rami, da lissafin faifan sola, da ɗora tanki. Yau ina da shago a bakin hanya, ina sayar da kayan famfo da nake sarowa a Sabon Gari, da yara shida da ke koyon aiki. Na yi aure a 2023, an haifa min ɗa. Na rufa wa Inna ɗakinta da kwano. Gonar mahaifinmu ba ta dawo ba, wanda ya saya ya ce ba zai sayar ba, kuma haƙƙinsa ne. Na sayi wata a tudu, ba ta kai waccan ba.

Da kuɗi suka fara shigowa, tsohon halina ya leƙo. Aikin sola ɗaya a gidan mai hali ya fi gyaran tuka-tuka ashirin. Na fara cewa gobe, jibi. Wani gari suka kira ni sau uku, na yi mako uku ban je ba. Ranar da na je, matar da ke riƙe da asusunsu, sa'ar Inna, ta tare ni a bakin famfo ta ce, "Ɗan nan, mun ji ka zama babban mutum. Mu dai tafki muka koma." Ba ta ƙara ba. Na tsaya ina kallon yaran da ke bayanta, ɗaya ba ta wuce shekara biyar ba. Aikin bai ɗauke ni awa biyu ba. Tun daga ranar na keɓe Litinin da Alhamis, ko nawa za a ba ni ba na karɓar aikin sola, na tuka-tuka ne. Yaran shagona sun san haka, masu kira ma sun sani.

Baba ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Jakar kayan aikinsa iyalansa suka aiko min da ita, har da sifanar da muka buɗe famfon bakin masallaci. Asusun wannan famfo kuwa Yaya ce ke riƙe da shi. Ba ta taɓa yi min maganar daren nan ba, ni ma ban taɓa yi mata ba. Duk ƙarshen wata takan aiko yaro da kuɗi a ƙulle a leda, a ce in ji Yaya a kawo roba biyu a ajiye. Littafina na uku nake ciki yanzu, garuruwan sun kai ashirin da bakwai. Alhamis mai zuwa, in Allah ya kai mu, akwai wata rugar Fulani a hanyar Roni da aka ce hannun famfonsu ya yi sakayau tun kafin sallah.